Marainan Yaro Sun Kumbura? A Duba Ƙafafunsa, Amma Kada a Kwana da Shi a Gida

Akwai ciwon da yaro zai yi, uwa ta ba maƙwabciyarta labari ta kan katanga ba ta ji komai ba. Zazzaɓi, tari, gudawa, duk da babbar murya ake faɗinsu. Amma da ciwo ya gangara ƙasan cibiya, sai murya ta yi ƙasa. Yaron da ya kai shekara bakwai ko takwas, an yi masa kaciya, ya fara wanka da kansa, da wuya ya zo ya ce wa mahaifiyarsa marainansa na ciwo. Abin da za a lura da shi kawai, ya daina fita ƙwallo, yana tafiya a tattale, ko ya kwanta ya takure ya ce cikinsa ne. In ɗan fari ne abin ya ƙara nisa, don ita ma uwar tana alkunya. Kafin a samu babban da zai ce "sauke wandon in gani", sau da yawa an kwana, wani lokaci ma kwana biyu.

Cikin abubuwan da ke kumbura marainan yaro akwai wata cuta da yawancin iyaye ba su taɓa jin sunanta ba, alhali ita ce ta fi yawa a cikin cututtukan kumburin jijiyoyin jini da ke kama yara. A katin asibiti za ku ga an rubuta ta da haruffa uku, HSP. Kumburin marainan da take kawowa yana da ban tsoro a ido, amma galibi yakan baje bai bar wata illa ba. Matsalar ita ce ya yi kama, kamar an tsaga kara, da wani ciwo daban wanda ke iya kashe ɗan maraina cikin sa'o'i kaɗan. Babu uwar da za ta iya bambance su a gida. Mu ma da ke aikin jinya ba ma gangancin yanke hukunci da ido kawai.

Wace irin cuta ce?

Cikakken sunanta Henoch-Schönlein purpura, daga sunayen wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Jamus. Johann Schönlein ne ya danganta ɗigon jinin da ke fitowa a fata da ciwon gaɓoɓi a 1837, ɗalibinsa Eduard Henoch kuma ya ƙara da bayanin ciwon ciki a 1874, daga baya ya kawo batun ƙoda. Tun kafin su, a farkon shekarun 1800, wani likitan Landan mai suna William Heberden ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara biyar mai ciwon ciki, da jini a fitsari da bayan gida, ƙafafunsa cike da ɗigon jini. A 2012 wani taron masana a garin Chapel Hill na Amurka ya sauya mata suna zuwa IgA vasculitis. Shi ya sa za ku ji wani likita ya kira sabon sunan, wani kuma tsohon ne ya zauna a bakinsa. Duk cuta ɗaya ce.

Shi wannan IgA wani sinadari ne na garkuwar jiki, aikinsa gadin hanci da maƙogwaro da hanji daga ƙwayoyin cuta. Yaro ya yi mura ko ciwon maƙogwaro, garkuwar jiki ta tashi ta yi yaƙinta, murar ta wuce. To a jikin wasu yaran, bayan mako ɗaya zuwa uku, sai wannan sinadarin ya dunƙule ya je ya maƙale a bangon ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda ba su kai sirantar gashi ba. Bangon ya kumbura, ya fara yoyo kamar tsohon tiyo. Duk inda yoyon ya faru, nan alama za ta bayyana: a fata ɗigon jini, a gaɓoɓi kumburi da ciwo, a hanji murɗa, a ƙoda jini cikin fitsari, a maraina kuma abin da ya kawo mu wannan magana.

Ba a ɗaukar ta daga wani yaro, don haka ba sai an ware masa kwano ko shimfiɗa ba. Ba ciwon sanyi ba ne, ba zaƙi ya sha da yawa ba, ba kuma ƙazantar uwa ba ce. Ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara goma, musamman tsakanin huɗu zuwa shida, maza sun ɗan fi mata. Ƙididdigar ƙasashen Turai na nuna yara 10 zuwa 20 cikin kowace 100,000 a shekara, kuma rahotanninsu na cewa ba ta kai haka yawa ba a yara baƙaƙen fata. Ni dai ina da ja a kan yadda muke fahimtar wannan zancen, don abin da ido bai gani ba ba ya shiga lissafi.

Ɗigon da ba ya fita sosai a baƙar fata

Littattafan da aka koyar da mu da su cike suke da hotunan ƙafafun yaran Turawa, ɗigon ja jawur ko ruwan hoda, ko daga nesa ka hango. A fatar yaranmu ba haka yake fitowa ba. Yakan zo baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, kamar tabon cizon sauro da ya kwana biyu, wani wurin kuma ya haɗe ya yi faɗi kamar kwanciyar jinin duka. A ɗaki da dare, da hasken tocilan, sai a duba a ce ba a ga komai ba.

Hannu ya fi ido gani a nan. Ki shafa ƙaurin yaron da tafin hannunki, daga idon sawu zuwa gwiwa, ki shafa bayan cinya da mazaunai. Ɗigon wannan cuta yana da tudu kaɗan, za ki ji shi kafin ki gan shi. Yana fitowa a ƙafafu biyu kusan daidai, yana taruwa inda jini ke kwantawa da inda tufa ke matsewa, kamar wurin robar safa da ta wando. Ciki da ƙirji da baya galibi ba ya taɓa su. In kin samu hasken rana, ki danna gefen kofin gilashi a kansa. Ƙurajen zafi da na ƙyanda sukan dusashe in an danna, wannan kuwa yana nan daram, don jini ne ya fita daga jijiya ya kwanta ƙarƙashin fata.

Sai dai a nan akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Ɗigon da ba ya dusashewa ba HSP kaɗai ke kawo shi ba. Ƙwayar cutar sanƙarau in ta shiga jini haka take yi, kuma mu a Arewa mun san abin da lokacin zafi ke zuwa da shi. Yaron HSP yawanci yana cikin hayyacinsa, yana magana, zazzaɓinsa ba mai tsanani ba ne ko ma babu. Wanda ke da zazzaɓi mai zafi, ya galabaita, yana barcin da ba a gane ba, ga wannan ɗigon, to ba a jiran gari ya waye. Ƙarancin ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare ma yana kawo irin wannan tabon, shi ya sa likita zai ce a ɗebi jini. A HSP waɗannan ƙwayoyin lafiyarsu lau. Babu wani gwaji guda da ke cewa ga ta, ana gane ta ne da haɗa alamomi da kore sauran cututtuka.

Gaɓoɓin da ta fi kamawa su ne gwiwa da idon sawu. Yaro ya ƙi taka ƙafa, a gidan da akwai mai sikila sai a zata ita ce ta motsa. Wannan ciwon yakan wuce bai lalata gaɓa ba. Ciwon ciki kuma yana zuwa ne da murɗa, ya zo ya lafa, sau da yawa bayan cin abinci.

Yadda take sauka a maraina

Jakar maraina fata ce mai laushi, cike da ƙananan jijiyoyi, kuma tana rataye ne ƙasa kamar yadda ƙafafu suke. Ba abin mamaki ba ne cutar ta same ta. Rahotannin likitoci sun bambanta sosai a kan yawan yaran da abin ke shafa, daga 2 har zuwa 38 cikin 100 na maza masu cutar. Wannan tazarar kaɗai ta isa ta nuna cewa inda ake sauke wando a duba, ana samu.

Fatar jakar ce ke yin kauri, ta yi tsam, ta yi sheƙi, wani lokaci ta yi duhu kamar an buge ta. Bututun da ke kwance a bayan ɗan maraina shi ma yakan kumbura, ruwa ya ɗan taru a kewaye. Yana iya zama gefe ɗaya, yana iya zama duka biyun, wani yaron har gabansa ya kumbura. Akwai ciwo in an taɓa, akwai ciwo in yana tafiya. Yawanci kumburin kan biyo bayan ɗigon ƙafa da kwanaki, amma akwai yaran da shi ne ke fara fitowa kafin komai. Waɗannan su suka fi rikita kowa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne fitinar da wannan cuta ke iya haddasawa a gida. Na ga mahaifin da ya shigo da ɗansa ɗan shekara shida yana huci, ya ga tabo a mazaunan yaron da bayan cinya, ga maraina a kumbure, ya riga ya yanke cewa malamin makaranta ne ya zane shi har ya taɓa masa gaba. Da kyar aka zaunar da shi. Da aka nuna masa cewa tabon iri ɗaya ne a ƙafafu biyu har zuwa idon sawu, kuma sabo na fitowa alhali yaron na kwance a gadon asibiti, sai jikinsa ya yi sanyi. A wani gidan kishiyar uwa za a zarga, a wani 'yar aiki. Ba ina cewa a daina tambayar yaro ko wani ya taɓa shi ba. A tambaye shi, cikin natsuwa, mu ma a asibiti muna tambaya. Amma a bari a duba shi kafin a ɗaga murya a kan wani.

Ciwon da ya sa ba a jira

Kowane ɗan maraina yana rataye ne da wata igiya da ta sauko daga mara, a cikinta jijiyar da ke kai masa jini take. A jikin wasu yaran, tun daga haihuwa ɗan marainan bai manne da jakar yadda ya kamata ba, yana lilo. Wata rana, ko yana wasa ko yana barci, sai ya juya, igiyar ta murɗe kamar yadda ake matse wanki. Jini ya yanke. Wannan shi ne murɗewar maraina, kuma lissafinsa na sa'o'i ne. In an warware shi a tiyata cikin sa'o'i 6 da fara ciwo, kusan 9 cikin 10 ana ceto ɗan marainan. In an kai sa'o'i 12, abin ya koma kusan rabi. Bayan sa'o'i 24, da kyar a ceci 1 cikin 10, sauran sai dai a cire wanda ya mutu.

A lissafa da rayuwarmu. Ciwo ya fara bayan sallar Isha'i. An ba shi farasitamol, an ce bari a ga safe. Da safe maigida ya fita, an jira ya dawo ya ba da izini da kuɗin mota. An biya ta kyamis an yi allura. Kafin a isa asibitin da ke da ɗakin tiyata, la'asar ta yi. Babu wanda ya yi mugunta a cikin wannan jerin, amma sa'o'i ashirin sun tafi.

Akwai alamomin da likita ke dubawa. Ciwon murɗewa kan zo ne farat ɗaya, mai tsanani, da tashin zuciya ko amai, ɗan marainan ya ɗage sama ko ya kwanta a gicciye. In an shafa cikin cinyar yaro mai lafiya, ɗan marainan wannan gefen yakan ɗan zabura sama, a murɗewa kuwa yawanci ba ya motsi. Murɗewa ta fi kama jarirai sabbin haihuwa da samari 'yan shekara 12 zuwa 18, HSP kuma ta fi kama ƙanana. Na faɗi waɗannan ne don ku fahimci abin da ake yi wa ɗanku, ba don ku gwada a gida ba. Murɗewa na iya faruwa a kowace shekara. Jakar da ta kumbura sosai ba ta barin a ji yadda ɗan marainan ya kwanta. Kuma an samu yaran da suke da HSP ɗin, ga ɗigo a ƙafa ga komai, amma kuma igiyar ta murɗe da gaske. Ba kasafai ba ne, sai dai in ya faɗa kan ɗanki, ƙarancinsa bai amfane ki da komai ba.

Abin da ya fi taimakawa wajen rarrabewa shi ne sikanin mai nuna gudun jini, wanda ake kira Doppler. A HSP za a ga jini na shiga ɗan marainan yadda ya saba, ko ma fiye, fata ta yi kauri, bututun baya ya kumbura. A murɗewa jinin ya ragu ko ya ɗauke. Amma ba kowane asibiti ke da na'urar ba, inda take ma ba kullum ake samun mai sarrafa ta da tsakar dare ba. Saboda haka in likitan tiyata ya duba ya ga zarginsa ya yi ƙarfi, zai ce a shiga da yaron ba tare da jiran hoto ba. Wannan shi ne daidai. In ya buɗe ya tarar babu murɗewa, bai yi kuskure ba, kuma ba kuɗinku yake nema ba. Ƙaramin yanka ne da ke warkewa cikin kwanaki. In kuwa ya tarar da ita, zai warware, ya ɗinke wannan gefen ya kuma ɗinke ɗayan, don matsalar kan kasance a duka biyun.

To a nan ne duba ƙafafu ke da amfani. Likitan da aka kawo wa yaro ƙarfe biyun dare da kumburin maraina, hankalinsa na kan maraina. In uwa ta ce masa, "Likita, makon jiya ya yi mura, shekaranjiya gwiwarsa ta kumbura, ga wasu ƙuraje a ƙafarsa da mazaunansa," ta ba shi rabin amsar. Yara da yawa masu HSP an yi musu tiyatar da ba su buƙata saboda ba a ga ɗigon ba, ko bai riga ya fito ba. Bayanin uwa na iya sa a nemi sikanin, a kwantar da yaron a riƙa duba shi, maimakon a wuce da shi ɗakin tiyata kai tsaye.

Da kun isa, ku faɗi abin da sunansa tun a wurin nas ɗin da ke tantance marasa lafiya. Kada a ce "cikinsa ne ke ciwo" saboda akwai mutane a layi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ce ciwon ciki zai bi layi, wanda ya ce marainan yaro sun kumbura tun ƙarfe kaza za a shigar da shi. In ba ku duba agogo ba, ku ce tun bayan Magariba, ko tun kiran sallar farko, mun gane. Ku nufi babban asibitin da ake tiyata tun farko. Kuma kada a ba shi abinci ko kunu a hanya don a lallashe shi, domin in ta kama a sa masa maganin barci, cikin da babu komai ya fi aminci.

Haka nan, duk yaro namiji da ya tashi da ciwon mara da amai, a sauke wandonsa a duba ko da bai ambaci maraina ba. Ciwon murɗewa kan hau zuwa ciki, kunya kuma kan ƙarasa sauran. Iyaye maza, wannan aikinku ne in yaron ya fara girma. Masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai da malaman tsangaya su ma ya kamata su san wannan, don yaron da ke nesa da uwarsa ya fi kowa iya ɓoye ciwo.

Kakanni za su ce gwaiwa ce, ko hangum ce ta sauka. Suna da hujjarsu, don duka biyun suna kumbura wurin. Sai dai hangum ba ta cika sauka a marainan yaron da bai balaga ba, gwaiwar ruwa kuma ba ta ciwo, a hankali take girma. Ƙabar da hanji ya sauko ya maƙale tana ciwo, ita ma ta gaggawa ce. Duk ta inda aka ɓullo, kumburi mai ciwo na asibiti ne a ranar.

Abin da nake roƙo a bari: gashi da ruwan zafi, shafa man zafi, matsawa ko murzawa don a mayar, da kai yaro wurin wanzami a yi tsaga. Fatar da jijiyoyinta ke yoyo ba ta buƙatar reza. Sannan kada a ɗauki hoton al'aurar yaro a tura zauren WhatsApp ana tambayar ko wa ya san maganin wannan. Hoton ƙurajen ƙafa dai a ɗauka, da rana, a ajiye wa likita, don sukan canja kafin ranar ganinsa.

In an tabbatar HSP ce

Sai hankali ya kwanta, aƙalla ta wannan ɓangaren. Magani ba mai yawa ba ne: hutu a kwance, ɗan kamfai mai riƙewa ko tawul a naɗe a tallafi jakar, ruwa isasshe, da farasitamol. Sau da yawa likita kan ƙara da prednisolone na ɗan lokaci in kumburin ko ciwon cikin ya yi tsanani, kuma yakan sa a samu sauƙi da wuri. Wannan magani ne da likita ke auna shi da nauyin yaro, ba na saye a kyamis ba, ba kuma a tsayar da shi yadda aka ga dama. Magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke sha kamar gyaɗa, kada a ba shi sai da izinin likita, don suna iya ƙara wa ƙoda da hanji wahala. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya warkar da ita, sai dai in akwai wani ciwon maƙogwaro da ake son kashewa.

Kumburin maraina yakan sauka cikin 'yan kwanaki. Cutar gaba ɗaya kan ɗauki kamar mako huɗu, ɗigon na fitowa kashi-kashi, musamman in yaro ya tashi ya yi ta guje-guje.

Akwai tambayar da iyaye maza ba sa yi a gaban matansu. Sai an fito baranda, mutum ya matso ya rage murya: "Sista, zai haihu kuwa?" Amsar ita ce, kumburin HSP, in dai jini bai yanke wa ɗan marainan ba, ba a san shi da hana haihuwa ko taɓa mazakuta ba. Ko yaron da murɗewa ta sa aka cire masa ɗaya, ɗayan in lafiyayye ne yana isar sa ya balaga ya kuma haihu.

Ciwon cikin ne ake sa wa ido a makonnin farko. A wasu yara ƙalilan hanji kan zurma cikin ɗan'uwansa, kamar hannun riga da aka tura ciki, ya toshe. Murɗar da ba ta lafawa, amai kore, kumburin ciki, ko jini a bayan gida, duk na komawa asibiti ne nan take.

Ƙoda ba ta kuka

Abin da ya fi damuna da wannan cuta ba marainan ba ne. Su suna da hayaniya, suna sa a ruga asibiti. Ranar da kumburi ya baje, ɗigo ya bushe, yaro ya koma ƙwallo, sai kowa ya ce alhamdulillahi, a jefa katin asibiti a ƙasan akwati. Alhali a daidai wannan lokacin ne ƙoda ke iya fara nata, shiru, ba ciwo ba zazzaɓi.

Kusan ɗaya cikin uku na yaran da suka yi HSP cutar kan taɓa musu ƙoda, wasu rahotannin ma sun kai rabi. Mafi yawansu ɗan jini ne ko furotin a fitsari wanda ido ba ya gani, kuma yakan wuce da kansa. Amma akwai kaɗan, kamar 1 ko 2 cikin 100, da abin kan kai su ga lalacewar ƙoda mai ɗorewa. Babu yadda za a gane wane yaro ne zai faɗa cikin waɗannan ta kallon fuskarsa. Girman kumburin maraina ko yawan ɗigo ba su ne ma'auni ba. Kuma prednisolone ɗin da aka ba shi tun farko ba ya hana ciwon ƙodar zuwa, an gwada an gani.

Abin da aka sani shi ne lokacin da yake zuwa. Cikin yaran da ƙodarsu za ta taɓu, kusan 85 cikin 100 alamar kan bayyana a mako huɗun farko, 97 cikin 100 kuma kafin wata shida. Saboda haka ake cewa a riƙa gwada fitsari da auna hawan jini har wata shida, ko da yaron ya warke sarai. A watan farko akai-akai, sau da yawa mako-mako, daga nan a riƙa tsawaitawa yadda likita ya tsara. In an ga wani abu, bibiyar kan wuce haka, a haɗa ku da likitan ƙodar yara. Gwajin kansa ba wani abu ba ne: ɗan tsinken takarda ake tsomawa a fitsari, cikin minti biyu a karanta, kuma yana cikin gwaje-gwaje mafi araha. Awon hawan jinin ne ke buƙatar a nace, don sai da madaurin hannu na yara, na manya ba ya ba da lamba daidai.

A garuruwan da yara ke wanka a rafi da kududdufi, jini a fitsarin yaro ba ya ɗaga hankalin kowa, sai a ce tsargiya ce, a sayo magani. Ga yaron da ya yi HSP cikin watannin nan, kada a yi wannan saurin. Jinin tsargiya ja ne, yakan zo a ƙarshen fitsari. Na ƙoda kan gauraye da fitsarin duka, ya mayar da shi kalar ruwan shayi. Fitsari mai kumfa da ba ta bajewa, kumburin fatar ido da safe, kumburin ƙafa, raguwar fitsari, ko ciwon kai mai naci, kowanne daga ciki ya isa a koma kafin ranar da aka rubuta.

Kusan ɗaya cikin uku na yaran cutar kan dawo musu, yawanci cikin 'yan watanni, sau da yawa bayan wata murar, kuma galibi ba ta kai ta farko zafi. In ta dawo a sanar da likita, don lissafin gwajin fitsari zai iya komawa farko. In kuma marainan suka sake kumbura da ciwo, kada a ce ai mun san wannan, wancan karon ma da kansa ya baje. Ciwon farko bai hana igiya murɗewa a karo na biyu ba, dubawar da aka yi wancan karon ita za a sake yi.

Makaranta kuwa zai iya komawa da zarar ciwo ya lafa yana iya tafiya sosai, ba sai ɗigon ya gama bajewa ba, tunda ba ya shafa wa kowa. Ranar gwaji a tari fitsarin farko na safe a kwalba mai tsabta, a tafi da shi tare da katin da aka rubuta sakamakon baya, don likita na son ya ga yadda lambobin ke tafiya daga wancan gwajin zuwa wannan.